Kifi da salati a ruwa ɗaya: mu fara da tano biyu, ba da bashi ba



Wata sabuwar magana ta shigo gari. Samari suna nuna mana ita a cikin salula. Ga tanki cike da kifi, ga salati kore shar a bisansa. Babu ƙasa, babu taki, babu hauya. Nasara suna kiran wannan aiki akwaponi. Mu kuwa za mu kira shi noman kifi da ganye a ruwa ɗaya. Tambayar da mutane suke yi guda biyu ce. Shin gaskiya ne? Shin talaka zai iya yin sa a bayan ɗakinsa?

Gaskiya ne, ba siddabaru ba ne. Kuma talaka zai iya. Amma ra'ayinmu shi ne: wanda zai fara, ya fara da ƙarami, da kayan da ke kusa da shi, da kuɗin da in sun salwanta ba za a kwana da yunwa ba. Kada ya ci bashi, kada ya sayar da akuya. Hoton salula yana nuna ranar girbi. Ba ya nuna safiyar da mutum zai tashi ya iske kifinsa duka sun juya ciki sama.

Mun taɓa ganin irin wannan safiya da idonmu. Wani maƙwabci ya sayo ƴaƴan kifi 100, ya zuba su cikin tano ɗaya ranar da ya cika shi da ruwan famfo. Yana ba su abinci safe da rana da dare, don su yi saurin girma. Ba a yi mako ba sai kaji suka yi buki. Ya ce an sayar masa da kifi maras lafiya. Kifin lafiyarsa lau. Ruwan ne ya kashe shi, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Yadda abin yake aiki

Kowa ya san zarnin da ke tashi a turken awaki ko a akurkin kaji. Abin da ke kawo wannan zarni sunansa amoniya. Kifi ma yana fitar da amoniya, ta kunnensa da ta kashinsa. A tabki ruwa yana da yawa, sai abin ya ɓace. A cikin tano kuwa babu inda za shi. Yana taruwa har ya zama guba.

To, Allah ya halicci waɗansu ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Suna cikin ƙasa, suna cikin ruwa, suna son zama a jikin tsakuwa mai laima. Abincinsu shi ne wannan amoniya. Iri ɗaya yana juya ta zuwa wani abu da shi ma guba ne ga kifi. Iri na biyu yana juya wannan zuwa taki. Takin nan shi ne abin da manomi yake nema in ya sayi takin zamani don ganye ya yi kore. Sai saiwar shuka ta sha takin, ruwa ya koma wurin kifi da tsabta.

Ke nan abu uku ne ake kiwo, ba biyu ba: kifi, shuka, da halittun da ba a gani. Mai farawa yakan manta da na ukun, tun da ba ya ganinsu. Su ne kuwa ginshiƙin aikin.

Haɗa kifi da shuka ba sabon abu ba ne. Manoman ƙasar Sin sun fi shekara 1000 suna kiwon kifi a cikin gonakin shinkafa. Abin da yake sabo shi ne matse aikin a cikin tano da tiyo. A shekarar 2014 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da littafi a kan yadda ƙaramin gida zai yi shi. An gwada shi a Habasha, an gwada shi a kan rufin gidaje a Gaza, inda fili ya yi kaɗan, ruwa kuma ya yi wuya. Awon da za mu ba ku a nan mafi yawansa daga wannan aiki ya fito.

Kayan aiki

A nemi tano biyu na roba, wato duro, kowane mai cin lita 200. Tun daga nan ake kuskure. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fenti, ko man mota, ba shi da amfani ko an wanke shi sau goma. Roba tana riƙe guba. A nemi wanda ya ɗauki man girki ko wani abin ci. A tambayi mai sayarwa, a karanta rubutun da ke jiki, a kuma sansana. Tanon ƙarfe yana tsatsa, kuma da bazara yana dafa ruwa.

Tano na farko shi ne ɗakin kifi. A yanke kansa, a gina rami a inuwa, a binne shi zuwa rabi. Ƙasa tana sanyaya shi da rana, tana ɗumama shi da dare. Tano na biyu a tsaga shi biyu ta tsawo, kamar yadda ake fafe ƙwarya. An sami komi biyu ke nan. Idan aka haɗa su, faɗinsu ya kai kusan mita 1 a kan mita 1, zurfinsu kusan santimita 30. Wannan shi ne zurfin da ake so.

A ɗora komin biyu a kan tubalin siminti, bisa ga bakin tanon kifi. A yi ginin da ƙarfi, domin komi mai tsakuwa da ruwa ya fi buhun gero nauyi nesa ba kusa ba. A huda kowane komi a ƙasa, a sa guntun tiyo a tsaye, yadda ruwa in ya kai bakinsa zai gangara ya koma cikin tanon kifi. Bakin tiyon ya tsaya kamar yatsa 3 ƙasa da saman tsakuwa. Dalili kuwa, saman tsakuwa dole ya zauna a bushe. Idan ruwa ya fito fili, gansakuka za ta rufe shi, sauro kuma ya sami wurin ƙwai.

Sai tsakuwa. A zaɓi mai girman gyaɗa zuwa girman ɗan goro. A wanke ta har ruwan ya fita fari. Mutanen Adar su kula ƙwarai, domin ƙasarsu tana da farar ƙasa mai yawa, ita ce ma ake yin siminti da ita a Malbaza. Irin wannan dutse yana sa ruwa ya yi kanwa-kanwa, shuka ta kasa shan abincinta, ganye ya yi rawaya. Gwajin ba wuya. A matsa lemun tsami a kan tsakuwar. In ta yi kumfa, a bar ta, a nemi wata.

Abu na ƙarshe shi ne ɗan famfo mai tura ruwa daga tanon kifi zuwa cikin komi. Ana so ya iya juya ruwan tanon duka sau ɗaya a cikin awa. Za mu dawo kan maganarsa, don a nan gizo yake saƙa.

Wata ɗaya na haƙuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Halittun nan da muka faɗa ba sa cika tsakuwa a kwana ɗaya. Suna bukatar mako 3 zuwa mako 6 kafin su yi yawan da za su iya cinye dattin kifi. Wannan shi ne lokacin da maƙwabcinmu ya tsallake.

A cika tano da ruwa. Idan ruwan famfo ne, a bar shi a buɗe kwana 2, domin maganin da ake sa masa don lafiyarmu yana kashe kifi, yana kashe halittun tsakuwa. Ruwan rijiya mai daɗin sha ya yi. Ruwa mai ɗanɗanon gishiri ko kanwa bai yi ba. Ruwan sama ya fi kowane, in an tare shi da tsabta. Sai a tada famfo, ruwa ya yi ta zagayawa. Bayan kwana biyu ko uku a sa ƴaƴan kifi 3 ko 4 kawai. A ba su abinci kaɗan, sau ɗaya a rana. A dasa ƴan shuke-shuke. Idan akwai wanda ya riga ku farawa, ku roƙe shi tsakuwa cikin tafi biyu daga kominsa. Kamar yadda mai nono take zuba tsohon tsami a sabuwar madara ne.

Sai wata ya zagayo a ƙara kifi. Nawa? Nan ne za mu ɓata wa waɗansu rai. Awon da aka yarda da shi shi ne kada kifi ya wuce kilo 20 a cikin lita 1000. Mun koyi lissafi, bari mu yi shi tare. Lita 200 kashi ɗaya ce cikin biyar na lita 1000. Kilo 20 a raba biyar, kilo 4 ke nan. Tano ɗaya, kilo 4 na kifi a ranar da suka girma. Idan kowane kifi zai kai rabin kilo, kifi 8 ke nan. Ba 100 ba, ba 50 ba.

Kifi 8 da suka tasa suna cin kusan giram 40 zuwa 50 na abinci a rana. Wannan abinci kuwa shi ne daidai abin da zai ciyar da mita 1 na ganye, wato gindin salati 20 zuwa 25. Kun ga dalilin da ya sa muka ce tano biyu. Ɗaya ya dace da ɗaya. In kifi ya fi shuka yawa, ruwa ya ɓaci. In shuka ta fi kifi yawa, ganye ya ƙanjame.

Wani zai ce: duk wannan wahala don kifi 8? E, haka ne. Shekarar farko ta koyo ce. Ɗan makaranta ba ya fara rubutu da wasiƙar gwamna. Wanda ya riƙe kifi 8 wata shida ba su mutu ba, shi ne ya cancanci tanki mai lita 1000 da komi uku manya.

Me ya sa muka zaɓi tarwaɗa

Kifi iri biyu aka fi kiwo ta wannan hanya: karfasa da tarwaɗa. Dukansu namu ne. Suna nan a kogin Isa, a tabkin Madarumfa, a Tabalak, a Gidimuni. Karfasa tana da daɗi, tana cin ganye, ba ta da tsadar ciyarwa. Amma numfashinta a cikin ruwa yake kawai. In famfo ya tsaya dare ɗaya da zafi, kafin asuba ta fara mutuwa. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce.

Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska irin tamu. Shi ya sa masunta suke samun ta da rai a cikin taɓo bayan tabki ya janye. Tana yafe wa mai koyo kuskuren da karfasa ba ta yafewa. Aibinta biyu ne. Babba yana cinye ƙarami, saboda haka a sayi ƴaƴa masu girma ɗaya, kamar tsawon yatsa, kuma a ware wanda ya fi sauran in ya bayyana. Sa'an nan tana tsalle. A rufe tano da raga ko waya.

A ɗauko ƴaƴan kifi da sanyin safiya. In an iso gida kada a juye su nan take. A sa ledar da suke ciki a kan ruwan tano kamar rabin awa, har ɗumin ruwan biyu ya zama ɗaya.

Maganar wuta

A ƙasarmu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki a gida, kuma a ƙauye abin ya fi haka ƙaranci. Masu ita ma sun san halinta da bazara. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka riƙa kwana cikin duhu. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba sa lissafi da wannan. Mu dole mu yi.

Hanya mafi kyau ita ce ɗan famfo mai aiki da faifan rana. Rana dai ba mu da ƙarancinta. In babu batir, famfo zai yi aiki da rana, ya huta da dare. Da tarwaɗa 8 a cikin lita 200, wannan ya isa, muddin ba a cika musu abinci da maraice ba. Da karfasa bai isa ba.

To wanda ba shi da kuɗin famfo fa? Kada ya ce zai riƙa juya ruwa da bokiti kowace awa. Babu mai iyawa, kuma mun san a ƙarshe wa aikin zai faɗa wa: uwar gida da ƴan mata. Akwai hanya mai sauƙi. A ƙasar Indunusiya, musamman a shekarar 2020 lokacin annobar korona, gidaje da yawa sun kiwata tarwaɗa a cikin bokiti mai lita 80, ba wuta ba famfo. Suna rataya ƙananan kofunan roba masu gawayi a bakin bokitin, gindin kofin yana taɓa ruwa, ganyen miya yana tsirowa a ciki. In ruwan ya fara wari sai su canza shi.

Mu ma za mu iya fiye da haka, tun da muna da ƙasa. A sa tarwaɗa kaɗan a tano. Kowane kwana ɗaya ko biyu a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasan tano, inda datti yake kwanciya. A kai shi gindin zogale, ko fangalin salati, ko gwanda. A mayar da sabon ruwa. Masana za su ce wannan ba akwaponi ba ne, tun da ruwan ba ya komawa. Su ce. Lita ɗaya ta yi aiki biyu, ta rayar da kifi, ta kai taki gona. A ganinmu ga mafi yawan gidajen ƙauye wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma ita ce makarantar da ta fi arha.

Abinci shi ne kuɗin

Tano sau ɗaya ake sayensa. Abincin kifi kuwa kullum ne. Kafin jikka ɗaya ta fita daga aljihu, a je kasuwa da littafi da alƙalami. A rubuta kuɗin kilo ɗaya na abincin kifi. A rubuta kuɗin kilo ɗaya na ɗanyar tarwaɗa. In abincin mai kyau ne, tarwaɗa tana cin kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi kafin ta ƙara kilo 1 na nama. A haɗa da kuɗin ƴaƴan kifi. Sau da yawa za ku ga ribar kifin ƴar kaɗan ce. Ribar tana cikin ganye, domin shi ana tsinkarsa kowane mako, ba a kuma sayi taki ba. Duk wanda ya ce muku za ku yi arziki da tano biyu, ku duba hannunsa. Galibi yana da famfo ko ƴaƴan kifi na sayarwa.

Ana iya rage tsada da abin da ke gida. Tarwaɗa tana son gara, da tsutsa, da tana. Ana iya haɗa tunkuza da garin ƙananan busasshen kifi da dusa kaɗan, a cuɗa, a shanya. Amma dusa ita kaɗai ba ta gina kifi, ruwa kawai take ɓatawa. Tunkuzar da ta yi funfuna guba ce ga kifi, kamar yadda take ga mutum. Fara kuma a tabbata ba feshi ne ya kashe ta ba.

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi. A ba su da safe da la'asar. Abin da ya rage bayan rabin awa a kwashe shi. Idan kifi ya ƙi abinci, ko ruwa ya yi kumfa da wari, a dakatar da ciyarwa kwana ɗaya ko biyu. A zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan a gindin itace, a sa sabo. Kifi yana iya kwana da yawa bai ci ba, ba abin da zai same shi. Da ɗari, a watan Disamba da Janairu, ruwa yana sanyi, kifi yana rage ci. Wannan ba ciwo ba ne. A rage abinci, a rufe tano da tabarma da dare.

Abin shukawa kuwa, da ɗari a sa salati. Da bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, salati yana yin kara ya yi ɗaci. A koma ga alayyafo, lalo, yakuwa, na'a-na'a da ɗoɗɗoya, a kuma yi musu ƴar rumfa. Tumatir da tonka suna da ci, sai kifi ya girma. Rogo da dankali wurinsu ƙasa.

Lafiyar gida

Waɗansu suna ƙyamar ganyen da ya sha kashin kifi. To salatin garka me ya sha? Takin shanu da na awaki. Ganyen komi ma ya fi shi tsabta, tun da ba ya taɓa ƙasa. Duk da haka a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ci, a wanke hannu da sabuni bayan an taɓa ruwan tano. Kada a zuba kashin kaji ko na dabba a ciki don wai a ƙara taki. Yana kawo zawo ga masu cin ɗanyen ganye.

Kada a ɗebo ruwa ko ciyawa daga tabki. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, wato fitsarin jini, a nan suke. Ba ma so mu kawo su tsakar gida da hannunmu.

Maganin ƙwari ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Piya-piya da ƴan uwansa, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe kifin tano duka. Ko bokitin da aka taɓa dama magani a ciki kada ya kusanci wurin. Ruwan dogon yaro ma yana cutar kifi. Tsutsa a cire ta da hannu a jefa wa tarwaɗa. Wannan ma riba ce ga lafiya: ganyen da yara za su ci babu feshi a jikinsa.

Sauro ba ya ƙwai a ruwa mai motsi, kifi kuma yana cinye ƴaƴansa. Haɗarin yana wurin tanon da aka gaji da shi aka bari da ruwa kwance. Wanda ya daina, ya kife tanonsa.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne yara. Tanon da aka binne zuwa rabi daidai tsayin mai rarrafe da mai tatata yake. Yaro zai leƙa don ya ga kifi, kansa ya rinjaye shi, kuma ba a jin kuka daga cikin ruwa. Murfin waya mai ƙarfi, ɗaure da igiya ko kwaɗo, shi ne kayan farko da za a tanada, tun kafin kifi. Wanda ba zai yi murfi ba, muna roƙonsa ya bar aikin nan.

Wa ya kamata ya yi

Wannan aiki ba zai maye gurbin gero ba, ba zai maye gurbin garka ba. Mai fili a Jiratawa, ko a bakin gulbi, ko a fadamar Mirya, ya riƙe abinsa. Ƙasa da rijiya sun fi masa tano. Aikin nan na mutumin birni ne mai ƙaramin tsakar gida, da matar da ba ta fita gona, da tsohon da ƙarfin jan guga ya ƙare masa, da unguwar da ake sayen ruwa da garwa. Ruwan da ake ƙarawa a rana lita 1 zuwa 3 ne a cikin kowace lita 100. Da zafinmu zai fi haka, amma ba zai kai abin da yashin garka yake shanyewa ba.

Dalilin da ya sa muka damu da shi kuwa shi ne wannan. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba sa kai tsayin shekarunsu saboda tamowa, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Ba rashin tuwo ba ne kaɗai. Rashin abin da ke cikin miya ne. Tarwaɗa ba ta da ƙananan ƙaya da yawa. In an dafa ta, an cire ƙashi, an murje a cikin kunu ko fate, yaron da ya wuce wata 6 yana iya ci. Saboda haka kifin farko kada a kai shi kasuwa, kada kuma ya ƙare a kwanon mai gida shi kaɗai. Na yara ne da mai ciki da mai goyo.

Muna da kira ga hukuma da ƙungiyoyin taimako. Mun sha ganin kaya masu tsada da aka girka a gari, aka yi buki, aka ɗauki hoto. Bayan shekara wani ɗan ƙarfe ya lalace, babu irinsa sai a ƙasar waje. Ba irin wannan muke so ba. Muna son ƴaƴan kifi masu kyau a kusa, yadda mutum ba zai yi tafiyar yini da su cikin zafi ba. Muna son malaman gona da na gandun daji su sami ɗan kayan awon ruwa, su riƙa zagayawa da shi. Muna son ƙaramin littafi da Hausa mai hotuna. Sauran kayan duk akwai su a kasuwa, maƙera da masu gyaran famfo kuma sun iya haɗawa.

Shawararmu ga cibiyoyin yaƙi da jahilci ita ce kowace ta gina guda ɗaya ta taro. Mutum 20 in suka yi karo-karo, asara ba za ta ji wa kowa ciwo ba. A ajiye littafi kusa da tano. Kullum mutum ɗaya ya rubuta kwanan wata, da giram nawa aka ba kifi, da lita nawa aka ƙara, da abin da ya gani. Ranar da kifi ya mutu, a buɗe littafin a duba kwana uku na baya. Galibi dalilin yana nan a rubuce.

Lokacin farawa shi ne bayan damana, a watan Oktoba. Ruwa yana da sauran ɗumi, halittun tsakuwa suna saurin yaɗuwa, in ma an tara ruwan sama a randa ga shi nan. Kafin Nuwamba ta yi nisa komi ya nuna, salati kuma ya shigo lokacinsa. Wanda ya fara a Afrilu zai haɗa koyo da zafin bazara, abu biyu masu wuya a lokaci ɗaya. Daga yanzu zuwa kaka, a nemi tano, a gwada tsakuwa da lemun tsami, a kai wa maƙeri awon murfi.